Jar Motar da Na Ɗauko daga Kwatano

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A zumuntar mata, da zarar an ce amin sai a zagaye ni: "Maman Godiya, wai da gaske ke kika tuƙo ta tun daga can?" A kasuwa haka, a gidan biki haka. Ina ba da labarin gutsi-gutsi, kowa na ɗaukar nasa guntun ya je ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai wani ɗan siyasa ne ya ba ni motar kyauta. To ga shi daga bakina, tun daga tushe, kowa ya huta.

Sunana Hannatu, a unguwar Nasarawa ta Kaduna muke zaune. Sana'ata ba da hayar kujeru da rumfunan biki, da yi wa wurin taro kwalliya. Rumfunan ni nake ɗinka su da hannuna a kan babban keke, kuma ni nake tuƙa tsohuwar a-kori-kurar da ke kai kayan. Da sojoji suka koma bariki aka samu kansiloli da ciyamomi, sai biki ya canza fuska a Kaduna, kowa na so nasa ya danne na maƙwabcinsa. Matar wani honarabul ta buɗe irin sana'ata a bakin titi da sababbin kujeru fal, masu zuwa wurina suka fara raguwa. Na san ba zan kama ta a kujeru ba. Abin da nake buƙata shi ne abin da babu mai shi a wannan ƙetaren kogin: motar amarya mai buɗaɗɗen sama, wadda ango da amarya za su zauna duk unguwa ta gan su.

Mijina, Baban Godiya, a wata masana'anta yake aiki a Kudenda, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Me ya hana ki sayi bas?"

Na ce, "Bas nawa ne a garin nan?"

Ya ce, "Guminki ne, ba zan hana ki ba. Amma in ta mutu miki a hannu, ba kuɗin kaɗai za ki rasa ba, bakin mutane ma sai ya ishe ki. Je ki ga Baba Alhaji tukun."

Alhaji Sabo abokin marigayi babana ne, tare suka yi aikin masaƙa a Kakuri suna samari. Yanzu dillalin motoci ne a Tudun Wada, Kwatano kuwa ta zame masa kamar bayan gida. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, sai da ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Akwai irin wadda kike so, na gan ta a zuwana na baya. Ja ce, ƙofa biyu, rufinta na yadi. Ta daɗe a ajiye ba wanda ya taya. Kin san dalili? Ta ci hanya, 'yata. Mitarta ta doshi kilomita dubu ɗari uku. Kuma motar gudu ce, masu irinta ba lallaɓa ta suke yi ba."

Na ce, "Baba, kai ni in gan ta."

Ya ce, "Zan kai ki. Ki gani da idonki, ki haƙura da kanki, don na san halin gidanku. Babanki ma ba a hana shi abu da baki."

Muka tashi da motar safe daga tashar Talbijin, don Alhaji ba ya tafiyar dare. Na yi wa kaina ɗamara ta yadin kaki na zuba abin da na tara a ciki, na ɗaura zani a kai. Guzurina dambun nama da ƙullin yajin citta irin namu na gida. Kafin mu wuce Suleja an yi mana wa'azi, an kuma tallata mana maganin da ke warkar da basir da ciwon baya da rashin haihuwa duk a kwalba ɗaya. Wadda ke kusa da ni 'yar kasuwar leshi ce, ta san kowane rami a hanyar. Da ta ji abin da zan je saya, ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce ita a saninta mace zannuwa take zuwa saya a Kwatano, ko shinkafa. Na ce mata ni na fara. Muka ci sakwara a Mokwa, Alhaji ya yi sallolinsa a Ilori, muka isa Ikko da duhu, muka sauka gidan wani ɗan'uwansa a Agege.

Washegari muka kama hanyar Badagiri. Ban taɓa ganin shingaye masu yawa haka ba. Kafin direba ya sa giya ta uku, an sake ɗaga masa hannu. A bakin iyaka kuwa kamar ranar kasuwa: masu dako, masu baro, mata zaune da teburin canji, kuɗi jibge a gabansu an danne da dutse kamar tumatir. Da a gida ne aka baza kuɗi haka a fili, ban san ko tebur ɗin ma zai kai la'asar ba.

Takarduna a cike suke, har da katin allura, don Alhaji ya sa na yi tun a Kaduna. Abin da ya tsayar da ni yajina ne. Wani mai kaki ya zaro ƙullin daga jakata, ya juya shi, ya tambaye ni mene ne. Na ce yaji ne. Bai yarda ba. Na ce masa kada ya shinshina. Ya kwance leda ya cusa hanci. Bawan Allah nan ya yi ta atishawa har hularsa ta faɗi, abokan aikinsa na riƙe ciki don dariya. Da ya samu kansa, hawaye na zuba, ya yi mini alama da hannu in wuce. Har na yi gaba ya kira ni, ya ce in ɗan ɗiba masa ya kai wa matarsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Kwatano babura ne. Mu ma muna da 'yan acaɓa, amma nasu kamar an buɗe gidan tururuwa, duk da rigar ruwan ɗorawa, ana ce musu zemijan. Ga mata su ma a kan nasu baburan, da ɗaurin ɗankwali da jakar hannu, wata har da goyo, ba mai ko waiwayarsu. Fetur kuma a manyan kwalabe ake sayar da shi a gefen titi, jere kamar man gyaɗa. Da rana ta take sai a rufe shaguna da ofisoshi a tafi barci, sai ta yi sanyi a dawo. Na ce wa Alhaji da ni ce mai shago a nan, a wannan lokacin zan yi cinikina.

A unguwar Zango muka sauka. Alhaji ya tafi masaukin maza, ni kuma ya damƙa ni a hannun Hajiya Mariyama, wata Bamaraɗiya mai jiki da fara'a, wadda ke saukar da fatake mata a gidanta. Hausarta sai da na kasa kunne. Na gaishe ta ta ce "lahiya lau," mota kuma "mato" take cewa. Da safe ta kawo mini wani burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa na yankar dasashi, da ruwan bunu a kwano an tsula masa madara. Da rana tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi da jajjagen tattasai. Tsamin ya dame ni a loma ta farko, amma da na barbaɗa yajina sai muka shirya. Wuta kuwa har na bar garin ban ga an ɗauke ba. Na riƙa gugar kayana da gaggawa kamar a gida, Hajiya na yi mini dariya.

Filin motocin yana kusa da teku. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauka duk Nasarawa an rushe gidaje an jera motoci a kan rairayi, iyakar ganin ido. Alhaji ya bi da ni lungu-lungu har can ƙarshen wani layi, bayan wasu manyan bas-bas, ya nuna da baki.

Ga ta nan, ƙura ta lulluɓe ta, tayar baya ɗaya ta sace. Ta kwanta ƙasa-ƙasa, doguwar gaba, gajeren baya. Na goge gefen ƙofar da bakin zanina, jan ya fito kamar cikakken tattasai. Na ɗaure fuska, don Alhaji ya gargaɗe ni kada mai kaya ya ga haƙorana.

Mai filin wani ɗan Labanan ne da ake kira Musye Salim, ya yi zaman Kano, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya zaci Alhaji ne mai saye, sai da aka nuna masa ni. Ya buɗe mini ƙofa na zauna, na dubi mita. Yadda Alhaji ya faɗa haka take.

Musye Salim ya ga inda idona yake. Ya ce, "Madam, lambar ce ta dame ki? Ba komai ba ne. In kin saya, kafin gobe a juya miki ita ta koma ƙasa. Kyauta."

Na ce, "A juya ta kamar yaya?"

Alhaji ya ja ni gefe, ya kai ni wurin wata farar mota mai sheƙi da ke kusa. Mitarta na nuna ko dubu sittin ba ta kai ba. Ya ce in leƙa ƙasa in dubi abin taka birki. Robar ta cinye har ƙarfe ya fito. Kujerar direba ta lotsa, sitiyari ya yi sulɓi.

Ya ce, "Ƙafar mutum ba ta cinye roba haka a dubu sittin. Yawancin abin da kike gani a nan an juya su. Taki ba a juya ba ne kawai don ba wanda ya yi zaton za a saye ta."

Wannan magana ita ta fara juya mini tunani, ba yadda Alhaji ya so ba. Ashe ba tsakanin tsohuwa da sabuwa nake zaɓe ba. Tsofaffi ne duka, ɗaya ce kawai ta faɗi shekarunta. Na koma na ce wa Musye Salim kada kowa ya taɓa mitar nan, ko na saya ko ban saya ba.

Alhaji ya ce mu tafi, ba a tayar da mota da rana a gaban mai ita. Washegari da sassafe muka dawo ba sanarwa, kafin a samu damar ɗumama injin. Alhaji ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya tabbatar da sanyi, aka kawo batir, ya ce in murza makulli. Ta tashi a bugu ɗaya. Ƙararta ba irin ta a-kori-kurata ba ce, wani gurnani ne can ƙasa, har a ƙirjina nake jin sa. Alhaji ya zagaya baya ya tsuguna a bakin salansa, ya sa ni taka totur in saki, in taka in saki. Ba hayaƙi. Ya zaro sandar baƙin mai ya murza tsakanin yatsunsa, ya shinshina. Ya buɗe lagireto ya leƙa ruwan. Muka kai ta garejin wani bakanike mai rami, suka shiga ƙarƙashinta da tocila suka daɗe. Shakazobar baya ta gaji, kuloci ya kusa, sai wani ɗan yoyon mai da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne da bakaniken ya ce injinta iri ɗaya ne da na wata motar gida ta Jamus, irin wadda ta cika titunan Kaduna. Ke nan kayan gyaranta na nan zube a kasuwar Panteka.

Alhaji ya fito daga rami yana goge hannu, fuska ba walwala. Ya ce, "Wallahi na so in same ta da laifi. Wanda ya riƙe motar nan ya ba ta haƙƙinta. Doguwar hanya ta ci, ba wahalar gari ba."

Saura abu guda. Kujerar bayan ƙarama ce, kuma ni amarya da ango zan ɗauka, da doguwar riga da babbar riga. Ina buƙatar in gwada da mutane masu jiki. Na roƙi Hajiya Mariyama, ta ce ita ba ta taɓa shiga mato marar kai ba, amma za ta je in maƙwabciyarta mai sayar da kifi za ta raka ta. Maƙwabciyar ta fi ta jiki. Shigarsu kaɗai ta tara mana 'yan kallo. Da aka zuge rufin baya suka samu sararin kai, sai ga su zaune daram, kafaɗa na gugar kafaɗa, suna ɗaga wa masu zemijan hannu. Na ce a raina, in waɗannan sun shiga, babu amaryar da za ta gagare ni a Kaduna.

Alhaji ya zauna gaba, na ja muka hau titin da ke bin gefen teku. Jama'a, na shekara ina tuƙi, amma ranar na san akwai bambanci tsakanin tura mota da tuƙa mota. Kafin in gama tunanin kwana ta riga ta shiga. In na taɓa birki ta tsaya cak ba karkata. Na saki sitiyari kaɗan, ta tafi ɗoɗar. Na duba allurar zafi, tana tsakiya ba ta motsa ba. Alhaji ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, ɗayan a jikin ƙofa, yana cewa, "A hankali, Hannatu, ba tamu ba ce tukun."

Ba mu lura da hadarin da ya taso daga teku ba. Ruwan can ba ya sallama. Ɗigo biyu uku, sai kamar an kifar da bokiti. Na gangara gefe na danna maɓallin rufi. Ya taso rabi, ya yi wani ƙugi, ya tsaya a sama kamar buɗaɗɗen baki. Na sake dannawa, shiru. Alhaji ya fita ya ja da hannu, yadin ya yage tun daga ɗinki har gilashin baya. Hajiya na salati, mai kifi na zuba yarensu, ruwa na shiga ta ko'ina. Da ƙyar na lallaɓa muka fake a rumfar wani gidan mai.

Muka fito kamar an tsamo mu daga rijiya. Alhaji yana matse babbar rigarsa, ransa a ɓace sosai.

Ya ce, "Kin gani ko? Allah ne ya nuna miki tun ba ki biya ba. Ki ɗauka amaryar mutane ce a baya, da kwalliyarta, a tsakiyar damina. Ranar za ki rufe shago. Yau rufi ne, gobe wani abin. Tsohuwar mota haka take, kullum da sabon labari. Mu mayar musu da abinsu, in nema miki 'yar bas mai lafiya."

Maganarsa ta shige ni. Na tuna da Baban Godiya, na tuna da matan da za su taru su ce ai sun faɗa. Na zagaya na kama yagaggen rufin ina dubawa. Zaren ne ya ruɓe, yadin ya ƙone da rana. Ƙarafan da ke ɗauke da shi kuwa lafiyarsu lau, ba lanƙwasa ba tsatsa, na'urar da ke ɗaga su ce ta mutu. Na gwada da hannu, Hajiya ta kama ɗaya gefen, suka naɗe suka buɗe ba gardama. Duk wannan abin da ake yi, ban kashe motar ba. Injin na ta gurnaninsa a hankali, ruwan nan bai sa ya ko yi tari ba.

Na ce, "Baba, me ya lalace a motar nan yau?"

Ya ce, "Ba ga shi kina gani ba?"

Na ce, "Yadi ne da zare. Rumfa ce, Baba, ƙarama ma. Wadda ta ninka wannan sau goma nake ɗinkawa duk wata. Da inji ne ya ba mu kunya, da ni zan fara cewa mu tafi, don ban iya ɗinka inji ba. Amma kai da bakinka ka ce injin lafiya."

Ya ce, "Na faɗa."

"In ka cire ni daga ciki, ka cire cewa ni 'yar abokinka ce, wani ya aiko ka ka duba masa, za ka ce ya saya?"

Hajiya Mariyama ta sa baki tana gyara ɗankwali, ta ce, "Alhaji, hwaɗa mata gaskiya. Ni dai ko da ruwan, ban taɓa jin daɗin mato kamar yau ba."

Alhaji ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Zan ce ya saya, in yana da abin gyara a ajiye, kuma in shi zai riƙa tuƙa ta ba yaran gida ba." Sai kuma ya nuna ni da yatsa. "Amma ki bar ni da Salim. Rigar nan tawa da ta jiƙe, a jikinsa zan fanshe."

Haka kuwa aka yi. Ya shiga ofishin Musye Salim da jiƙaƙƙiyar rigar bai canza ba, ya zauna masa a kujera yana ɗiga. Ban san me suka ce wa juna ba, na dai ji murya na tashi tana sauka, aka kawo shayi, aka sake tashi. Da suka fito, ragin da aka yi ya ishe ni kuloci da shakazoba da yadin rufi. Kafin in kwance ɗamarata na nemi shagon waya na kira ofishin su Baban Godiya, aka je aka kira shi daga cikin injina.

Ya ce, "Yaya injin?"

Na ce, "Lafiya. Baba Alhaji ya duba."

"Ke fa, hankalinki ya kwanta?"

"Ya kwanta."

Ya ce, "To kawo ta."

Na sayi tamfol a kasuwa, na ari keken wani tela a Zango, na yi mata rufin wucin gadi. Ba kyau, amma ba ya yoyo. A bakin iyaka wasu suka yi ta ba ni shawarar a bi da ita ta daji a huta da biyan haraji. Na ƙi. Motar da za ta ɗauki amarya ba za a tsayar da ita ranar biki ana neman takarda ba. Muka yi zaman jira har na haddace fuskokin masu sayar da lemo a wurin, amma na fito da takarduna cif.

Alhaji na gaba a motar da ya saro, ina biye. A kowane shinge sai an leƙo, a ga mace da ɗankwali a jar mota, a tambaye ni ina mai motar. In ce ga ta. Wani ya ce in taka ya ji ƙararta, na taka, ya sara mini. Mun kwana a Ilori, don Alhaji ya ce idona ya yi ja.

Bayan gadar Jebba na yi kuskurena. Wata tirela ta tare mini gani, ban ga tudun da mutanen wani ƙauye suka yi a kan titi ba. Motar ƙasa take, cikinta ya daki tudun, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Salansa ta ɓalle tana jan ƙasa. Na tsaya, na durƙusa ina leƙen ko baƙin mai na zuba. Ko ɗigo babu. Wani mai faci ya ɗaure mana salansar da waya, amma daga nan har Kaduna ƙararta kamar jirgi zai tashi. Awaki na gudu, mutane na fitowa daga gidaje. Da haka na shigo Nasarawa, da rufin tamfol da rurin da ya sa duk layinmu suka fito. Baban Godiya na tsaye a ƙofar gida. Ya zagaya ta, ya leƙa mita, ya dube ni, ya ce, "Sannu da hanya. Kin ci abinci?"

Masu tambayata ko su ma su sayi irinta, ga amsata. Kada lamba ta tsorata ku, kada kuma sheƙi ya ruɗe ku. Ku je da wanda zai faɗa muku gaskiya ko ba ta yi masa daɗi ba, ku ga an tayar da ita da sanyin safiya, ku tabbatar kayanta na Panteka, ku kuma rage wani abu a ɗamara, don gyara ba ya ƙarewa ranar saye. Tana shan mai, ban ɓoye muku ba. Bakanikena ya ɗan ɗaga ta saboda ramukanmu, na yi mata rufi baƙi da hannuna, da hannu kuma ake naɗe shi. Ba na ba kowa makullinta.

Bikin farko da ta yi na wata yarinya ce mai suna Talatu, ma'aikaciya a Kudenda, da angonta malamin firamare. Daga coci zuwa bakin titi a hankali na ja ta kamar tafiyar ƙafa, masu ganga a gaba, 'yan mata na rawa a gefe, ni ina riƙe da kuloci har ƙafata ta yi tsami. Da muka hau babban titin bayan gari jama'a suka koma motocinsu, hanya ta buɗe fetal ba kowa a gabanmu. Sai na ji amarya ta matso ta dafa kafaɗata.

Ta ce, "Mama, don Allah ki taka ta. Sau ɗaya kawai."

Ango ya ce, "Talatu, mutane na bayanmu fa."

Ta ce, "Su same mu a can."

Na duba madubi, na duba titi, na sauke giya na taka. Motar ta yi gurnani ta miƙe. Iska ta fizge farin mayafin amarya, na hango shi yana tashi sama ta kan motocin 'yan rakiya. Ango ya yi ihu in tsaya. Na fara ɗaga ƙafa, sai Talatu ta ƙanƙame hannun mijinta, dariya har ta shaƙe ta, ta ɗaga murya ta fi ƙarar injin:

"Bar shi ya tafi, Mama! Ai an riga an ɗaura!"